Burmi da Satiru: Wanne Muke Tunawa?

Shekara uku kacal ce tsakanin yaƙin Burmi da na Satiru, amma yadda muke ba da labarinsu ya sha bamban.

Burmi kowa ya san ta. A watan Yulin 1903 Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya faɗi a yaƙi da Turawa a wannan gari da ke jihar Gombe ta yau, yana kan hanyar hijira zuwa gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato. Shahidi muke kiransa, kuma ya cancanta. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da tafiyar har Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau.

Satiru fa? Wani ƙauye ne kudu da Sakkwato, na talakawa da bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu. A Fabrairun 1906 suka tari sojojin Turawa da gatura da fartanyoyi, suka kashe Turawa uku. A watan Maris aka dawo musu da manyan bindigogi, aka hallaka mutum kusan 2,000, aka kwashe mata da yara, aka ƙone garin ƙurmus. Abin da ya sa labarin ya yi wuyar faɗa shi ne sarautar Sakkwato ta wancan lokacin ta goyi bayan Turawa.

Mutanen Burmi sun sami marubuta da zuriyar da ke alfahari da su. Na Satiru, in an tuna su ma, sai a ce 'yan tawaye ko waɗanda aka zalunta. Ni dai a ganina, wanda ya tari bindiga da fartanya jarumi ne, ko da ba ɗan sarauta ba ne.