Abin da Na Gani a Shagon Kayan Dawaki a Teksas

Shekara ashirin na yi ina hawa a bargar gidanmu kafin aiki ya kawo ni Amurka, don haka ranar da na shiga wani shagon kayan dawaki a Fort Worth ban yi zaton akwai mai koya mini zaɓen linzami ba. Bango guda ne cike da linzamai, na ce wa dattijuwar da ke tsaron wurin ta ba ni mafi ƙarfi. Sai ta cire tabarau ta tambaye ni shekarun dokin, da faɗin bakinsa, da ranar da likita ya duba haƙoransa, daga ƙarshe kuma ta nemi jin ko hannuna yana da sauƙi. Ban amsa ko ɗaya ba.

Linzamin da makiyayan nan ke hawa da shi yana da dogayen ƙafafu biyu a gefe, da ɗan tudu a tsakiyar ƙarfen baki, da sarƙa ko fata da ke zagaye haɓa. Idan aka ja igiya, ƙafafun suna ninka ƙarfin hannu, sarƙar ta matse haɓa, nauyi kuma ya sauka a ƙeya, shi ya sa ba a sa wa dukushi. Ƙungiyar AQHA ta masu dawaki nau'in Quarter Horse a Amurka, wadda aka kafa a 1940, ta ƙayyade cewa a gasa tsawon ƙafar kada ya wuce inci 8.5, tudun kada ya haura inci 3.5, sannan dokin da ya kai shekara shida galibi da hannu ɗaya ake riƙe shi. Ana barin sarari tsakanin sarƙa da haɓa daidai shigar yatsu biyu, kuma akwai masu zuba jan ƙarfe a jikin linzamin don bakin dokin ya yi ta kawo yawu.

Na saya dai, da kuɗin da a kasuwar Kurmi ta Kano zai yi wa doki kwalliya har da canji. Washegari mai horar da dawakin da nake haya ya kalle ni na zagaya fili sau biyu, ya tsayar da ni, ya zare linzamin a gaban yara 'yan koyo, ya maye gurbinsa da na dukusai mai gaɓa a tsakiya. Ya ce dokin ba shi da laifi, hannuna ne bai isa wancan ba. Wato ni ne kazar da linzami ya fi ƙarfin bakinta. Su a wurinsu ɗora igiya a wuyan doki ya isa ya juya shi, kuma na ga wani yaro ya yi zamiya mai tsawo igiyarsa tana lilo.

Wannan zamiyar ta tuna mini da jahi a Hawan Daushe, har sai da na ji kamar kakaki na tashi a kunnena. Amma ta tuna mini da abin da muke kau da kai daga gare shi, wato kumfa mai jini a bakin ingarma bayan an sauka, saboda linzaminmu mai zobe yana kama muƙamuƙi yana kuma dukan ganɗa, ga mahayi yana fizga don 'yan kallo su yi sowa. Maƙeranmu ba su gaza ba, mu ne ba mu taɓa kai musu awon bakin doki ba. Linzamin da na saya yana nan rataye a ɗakina wata na huɗu ke nan, mai horarwar bai ce in kawo shi ba tukuna.