Sharhi kan Duloxetine ga tsofaffi masu ciwon gwiwa da damuwa

Dattijon da ciwon gwiwa ya hana barci, ya raba shi da masallaci da zaman majalisa, sau da yawa baƙin ciki ke biyo baya, shi kuma ya ƙara masa jin zafin ciwon. A ganinmu Duloxetine na cikin magunguna masu amfani a nan, domin yana ƙara sinadaran serotonin da noradrenaline, masu isar da saƙo tsakanin jijiyoyi, a ƙwaƙwalwa da laka, ta haka yake taɓa matsalolin biyu.

Likita kan fara da miligiram 30 sau ɗaya a rana na mako guda, sannan a kai 60. A haɗiye kafson ɗungurungum, kada a tauna. Sai an yi mako 2 zuwa 4 ake ganin sauƙi, kuma a nan ne iyalai da yawa ke gajiya su ajiye shi, abin takaici.

Illarsa ga tsofaffi ita ce tashin zuciya a kwanakin farko, jiri mai kai ga faɗuwa, da raguwar gishirin jini mai kawo ruɗewa. Haɗa shi da tramadol haɗari ne babba, da diclofenac kuma yana iya jawo zubar jini a ciki. Mai ciwon hanta ya guje shi. In za a daina, likita ne zai riƙa ragewa sannu a hankali.