Taswirar Miera ko ta USGS?

Ƙasar mesa ta Utah da Arizona a Amurka, duwatsun nan masu kai a shimfiɗe kamar tebur, taswirarta biyu nake dubawa. Ta Miera, ɗan Sifen da ya bi tawagar binciken limaman coci Dominguez da Escalante a 1776, da hannu ya zana ta, har garuruwan ƙabilar Hopi ya sa, amma fa ya karkatar da kogin Green zuwa wani tafki a yamma, masu taswira sukai ta kwafar kuskuren shekara da shekaru. Ta USGS kuwa, hukumar binciken ƙasa ta Amurka da aka kafa a 1879, layukan da ke nuna tsayin ƙasa ne a cikinta, in kaga sun matse waje ɗaya to gangare ne a tsaye. In tafiya ce ita zan riƙe, amma wallahi ta Miera nafi daɗewa ina kallo.