Kwas ɗin hoton jarida na ƙarshen mako: sun iya kyamara, amma darasin gyaran hoto ya ɓata min rai

Duk mai shirin biyan kuɗin kwas ɗin hoton jaridar nan da ake yi Asabar da Lahadi a Kano, ya karanta wannan tukuna. Kuɗin ba abin wasa ba ne a wannan marra.

A ɓangaren sarrafa kyamara ba ni da abin faɗi sai yabo. Malamin ya san hasken ƙasar nan. Ya nuna dalilin da ya sa fuskokin mutane ke fitowa baƙi ƙirin a taron da kowa ya sa farar babbar riga: kyamara tana ganin fari ya yi yawa, sai ta rage haske da kanta. Maganinsa a ƙara haske da +2/3 zuwa +1 a ma'aunin hasken kyamara, ana duba allo kada aikin wuyan riga ya ƙone ya zama fari fat. Da rana tsaka ya ba da mafari mai sauƙin riƙewa, ISO 100 (ƙarfin jin hasken kyamara) da f/8 (faɗin ƙofar da haske ke shiga, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa) da 1/400 na daƙiƙa (tsawon lokacin da haske ke shiga), daga nan mutum ya daidaita. In dawakai ne a guje, irin na hawan Daushe da ake yi da yamma, kada a sauka ƙasa da 1/1000, ko da za a kai ISO 800. A zauren taro marar haske kuwa f/2.8 da 1/125, ISO ya hau 1600 ko 3200, domin hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa edita zai karɓa, wanda ya girgiza kuwa shara ne. Ya kuma hana sauya gilashin kyamara a fili lokacin hunturu, saboda ƙurar da ta shiga ciki za ta riƙa fitowa ɗigo-ɗigo a sararin samaniyar kowane hoto. Wannan duk ilimi ne na wanda ya sha rana a bakin aiki.

Sai aka zo darasin gyaran hoto a kwamfuta, nan ne komai ya lalace.

An ɗora hoton wani ɗalibi a allo: ɗan ga-ruwa yana tura kura cike da jarkoki, gumi na bin wuyansa, hasken safiya ya bugi gefen fuskarsa. Hoto mai kyau. Sai dai akwai wayar lantarki da ta ratsa ta bayan kansa, da baƙar leda a gefen tayar kurar. Malamin ya buɗe Photoshop, ya ɗauki abin da ake kwafo wani sashe na hoto a shafe wani da shi, cikin minti biyu ba waya ba leda. Ya ce wannan shi ne tsaftace hoto, kuma haka ƙwararru ke yi. Aji ya ɗau tafi. Da aka tambaye shi ko ana yin haka a hoton labari, sai ya ce ai leda ba labari ba ce.

Wallahi wannan amsa ta tsaya min a rai, domin ita ce ainihin abin da ke kashe wa mutum sana'a. A watan Janairun 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da Narciso Contreras, ɗan ƙasar Meziko, mutumin da yake cikin ayarin da ya ci babbar kyautar aikin jarida ta Amurka, wato Pulitzer, a 2013. Laifinsa? Ya goge kyamarar bidiyon abokin aikinsa da ta leƙo a kusurwar hoton wani mayaƙi a Siriya. Aka bi hotunansa kusan 500 ba a sami wani makamancinsa ba, amma hakan bai cece shi ba. A 2010 gasar hoton jarida ta duniya, World Press Photo, ta ƙwace kyautar Stepan Rudik saboda ya share guntun ƙafar wani mutum da ke can baya. Guntun ƙafa! A 2006 Reuters, ita ma kafar dillancin labarai, ta cire hotuna 920 na Adnan Hajj daga rumbunta bayan an gano ya ƙara hayaƙi a hoton Beirut. A gasar World Press Photo ta 2015 kuwa, kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagaye na kusa da ƙarshe an yi waje da su da aka gwada su da asalin fayil ɗin kyamara. Duk mai koyar da hoton jarida ya kamata ya san waɗannan kamar yadda ya san sunansa.

Ƙa'idar ba ta da wuyar fahimta. An yarda a yanke gefen hoto, a ɗan ƙara ko rage haske, a daidaita launi ya koma yadda ido ya gani a wurin, a cire ɗigon ƙurar da ke cikin kyamara tunda ita ba ta cikin abin da ya faru. Ba a yarda a ƙara komai ko a cire komai ba. AP ko jan idon da filasha ke jawowa ba ta yarda a goge ba. Dalili kuwa, mai karatu ba shi da hanyar sanin inda hannunka ya tsaya. Wanda ya cire leda yau, wa zai rantse gobe bai cire sanda daga hannun ɗan daba ba, ko bai cika filin taron siyasa da mutanen da ba su je ba? Kuma ledar ma labari ce, ita ce halin da titin yake ciki. In waya ta dame ka, tun a wurin ake gyarawa: ka matsa taku biyu gefe, ko ka durƙusa, ko ka buɗe zuwa f/2.8 baya ya dushe. Abin haushin shi ne malamin ya iya duk wannan, shi ya koyar da shi da bakinsa a makon farko.

Da hankalina ya kwanta na ce to, a yi adalci. Mai son hoton biki, ko na shago, ko na talla, zai ci ribar kuɗinsa, kuma a irin wannan aikin ka goge waya goma ba wanda zai tuhume ka. Ko darasin ajiyar hotuna ma ya yi kyau: a ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara da ba a taɓa ba, a adana asalin, a saita agogon kyamara kafin fita, kada a goge katin memori sai hoton yana wuri biyu, kuma in za a tura ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto ta zubar da bayanan da ke jikinsa.

Amma da na tuna ranar fita aiki a fili, sai ran ya sake ɓaci. An kwashi ɗalibai an sauke su kusa da wata tsangaya, aka ce ga almajirai nan, a gwada hoton fuska. Ba wanda ya shiga ya yi wa alaramma sallama ya nemi izini, ba wanda ya gaya wa yaran inda hoton zai je. Har aka ce wa wani yaro ya ɗaga robarsa sama ya kalli ƙasa, ya sake, ya sake, sai da aka sami yadda ake so. Wannan shiri ne, kuma hoton da aka shirya ba ya shiga shafin labari. Balle yaro ne da ba shi da bakin cewa a'a. Kundin ɗa'ar 'yan jaridar Najeriya da aka amince da shi a Ilorin a 1998 yana da sashe guda a kan yara, ya hana bayyana ɗan ƙasa da shekara 16 da suna ko da hoto in abin ya shafi aikata laifi ko fyaɗe ko tsafi, ko shi aka cuta ko shaida ne. Ko sau ɗaya ba a ambaci kundin nan ba. Ba a yi maganar gawa a wurin hatsari ba, ko majinyaci a gadon asibiti, ko matar da ta kauda kai ta ja mayafi, alhali waɗannan su ne abin da sabon mai hoto zai fara cin karo da su.

Rubuta bayanin ƙasan hoto ma minti kaɗan aka ba shi. Wane ne, me yake yi, a ina, yaushe, da tambayar mutum yadda ake rubuta sunansa a rubuta a gabansa: rabin aikin ke nan, kuma yawancin ɗaliban sun dawo daga fili ba sunan mutum ko ɗaya a littafinsu.

Takardar shaidar da suke bayarwa an rubuta hoton jarida a kanta ɓaro-ɓaro, abin da ya fi damuna ke nan, don da ita matasa za su je neman aiki. Kafin ku biya, ku tambaye su wa zai koyar da ɗa'ar aiki, kuma ko ya taɓa zama a teburin editan hotuna. In amsar ita ce wannan malamin dai shi kaɗai, ku halarci makonnin kyamara, darasin gyaran hoto kuma ku neme shi wurin wanda ya yi aiki a gidan jarida.