Aikin faifan baya da endoskofi: ƙafa ta saki, amma kulawar bayan aiki babu

Aikin kansa ba ni da abin cewa sai godiya. A wani asibitin kuɗi a Alƙahira aka yi mini, bayan MRI ya nuna faifan L4-L5, wato guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya, ya fashe ya danne jijiya. Ciwon daga ƙugu yake tasowa, ya bi cinya har babban yatsan ƙafar hagu. Magani, gashin ƙashi, allurar baya, duk na sha fama watanni ba sauƙi. Hudar ba ta kai santimita 1 ba, ta gefen baya aka zura bututu mai kyamara, wato endoskofi. Ba a sa ni barci gaba ɗaya ba, ina jin likita yana tambayata ko ƙafar ta amsa. Da yamma na taka da kaina zuwa banɗaki. Alhamdu lillahi.

Zaɓi uku aka shimfiɗa mini. Na leza an cire shi nan take, domin ya fi dacewa da faifan da ya kumbura kawai, nawa kuwa gutsure ya riga ya fito. Sai na maikuroskof, wanda ake yi tun 1977: yanka santimita 2 zuwa 3, da cikakken barci. Shi aka yi wa yayana a gida Najeriya. Na zaɓi endoskofi saboda mai yi mana jagora ya yi ta nanata cewa cikin mako zan koma kasuwa.

To ga inda raina ya ɓaci. Bayan na dawo gida sai saman ƙafar ya kama raɗaɗi kamar an zuba garwashi. Safa ba ta sawuwa, ko mayafi ya taɓa wurin sai na zabura. Dare ya raba ina zaune bakin gado, uwargida tana yi mini fifita a ƙafa, ni kuwa zuciyata tana ce mini faifan ne ya sake fita, kuɗi sun tafi a banza. Na tura saƙo ta WhatsApp, shiru. Na kira mai jagorar, wanda kafin biya ko sallah yake sai ya neme ni daga baya, waya ba ta shiga. Wallahi wannan ya fi ciwon ci mini rai.

Wani likitan jijiya a nan Kano ne ya zaunar da ni. Ya ce: "Alhaji, kwantar da hankalinka, in aka shiga ta gefe bututun yakan gogi jijiya, takan yi haushi na ɗan lokaci." Ya rubuta pregabalin, maganin raɗaɗin jijiya, a hankali abin ya lafa. Bayanin da bai ɗauki minti biyar ba! Me ya hana su faɗa mini kafin in sa hannu?

Batun komawa kasuwa cikin mako ma ba haka ba ne. Makonni na yi ina sallah a kan kujera, ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, daidai da abin da aka gindaya wa yayana. Shi ne ya gaya mini cewa ko wane iri aka yi, faifan yana iya sake fita, kuma aikin ciwon ƙafa ya fi magancewa, ba na baya ba. Gaskiyarsa, har yau bayana yakan riƙe da asuba.

Tabon Yaya ya fi nawa tsawo, ya fi ni jin jiki a kwanakin farko, amma yanzu tafiyarmu ɗaya, kuma shi likitansa yana kusa. Wanda ya tambaye ni, sai in ce ya fara tambayar wa zai duba shi bayan an sallame shi, kafin ya tambayi girman huda. Wancan asibitin dai ba zan tura kowa ba.