nRF24L01+, HC-12 ko LoRa: Wacce Ta Dace da Aikinka?

Ɗalibin injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ko mai haɗa na'urori da aka ba aikin lura da injin ban ruwa a gonakin Dadin Kowa, galibi ƙananan na'urorin aikawa da karɓar saƙo iri uku zai tarar a hannun 'yan kasuwa. Kafin ya biya kuɗi, ya kamata ya san ƙa'idar da ta shafe su duka: duk lokacin da aka ƙara saurin bayanai nisan da saƙo ke kaiwa yana raguwa, don haka nisan da ake rubutawa a talla na mafi ƙarancin sauri ne, a fili marar gini ko dutse.

Mafi araha ita ce nRF24L01+ ta kamfanin Nordic Semiconductor na ƙasar Norwe, wadda ke aiki a kan gigahaz 2.4. Tana da tashoshi 126, daga megahaz 2400 zuwa 2525, da matakan sauri uku: kilobit 250, megabit 1 da megabit 2 a daƙiƙa. A kula da alamar tarawa da ke ƙarshen sunan, domin tsohon samfurin da ba shi da ita ba ya yin kilobit 250, alhali a wannan matakin ne na'urar ta fi jin saƙo mai rauni. Idan aka zaɓi megabit 2, sai a bar tazarar megahaz 2 tsakanin tashoshin da ke aiki kusa da juna. Inda ta yi fice shi ne tattalin batir, domin a yanayin barci abin da take ja bai kai mikro'amfa 1 ba, a yanayin jira kusan 26 ne, amma da zarar ta shiga sauraro sai ya haura miliamfa 12. Wanda ya bar ta tana sauraro dare da rana ya zubar da wannan amfanin. Matsalarta cunkoso ne, tunda zangonta ɗaya da Wi-Fi da Bluetooth, kuma masu gudu zuwa tashoshin da suka wuce ta 83 su sani sun fita daga zangon da aka saba amfani da shi ba lasisi, wanda ya ƙare a megahaz 2483.5, don haka sai su duba ƙa'idojin NCC, hukumar da ke kula da harkar sadarwa a Najeriya.

HC-12 kuwa tana da tashoshi 100 da suka fara daga megahaz 433.4, da tazarar kilohaz 400 a tsakaninsu, kuma saita ta ba wuya. Tana da yanayoyin aiki da ake kira FU, kuma tana zuwa a kan FU3, inda saurin aika saƙo ta iska ke bin saurin da aka saita wa wayar da ta haɗa ta da Arduino, wato ƙaramin allon da ke sarrafa ta, ma'ana rage shi daga bit 9600 zuwa 2400 a daƙiƙa yana ƙara nisa. FU2 na tattalin wuta ne, FU4 kuma na dogon zango, sai dai saurin bit 1200 a daƙiƙa kaɗai yake karɓa, da gajerun saƙonni jefi-jefi. Ba ta tabbatar da isar saƙo da kanta kamar yadda nRF24L01+ ke yi, dole mai rubuta manhaja ya tanadi hakan.

A ganina, mai gonar da ke nesa da gida, wanda bukatarsa kawai ya san ko tanki ya cika ko injin ya tsaya, LoRa, wato fasahar aika ƙananan saƙonni zuwa nesa, ce tasa, musamman na'ura mai ɗauke da guntun lantarki SX1278 na kamfanin Semtech. Saurinta bai wuce kilobit 37.5 ba, kuma kowane mataki da aka hau daga SF7 zuwa SF12, wato matakan saitin da ke rage sauri don ƙara nisa, yana kusan ninka lokacin da saƙo ke ɗauka a iska, amma tana cin kilomitoci idan an ɗaga eriya sama da itatuwa da rufin gidaje. Kowacce aka zaɓa, a sayi guda biyu iri ɗaya, a daidaita tasha da sauri a ɓangarorin biyu, kuma kada a ba nRF24L01+ ko SX1278 wutar bolt 5, domin 3.3 aka tsara musu.