Na'urar Gaiga da na saya saboda gardamar nukiliya

Wata uku ke nan ina amfani da wannan 'yar na'ura mai auna radiyeshan, wato haskoki marasa ganuwa irin waɗanda sinadaran nukiliya ke fitarwa. Tun da na karanta labarin hatsarin 1986 na tashar nukiliya ta Chernobyl da ke Ukraine nake adawa da lantarkin nukiliya, shi ya sa na saye ta. A ɗakina tana ƙyas-ƙyas jefi-jefi, tana nuna kusan mikrosibat (ma'aunin radiyeshan) 0.1 a awa. Cikin jirgin sama kuwa sai da ta haura 2, har na kusa da ni ya leƙo. Ashe kullum muna tare da radiyeshan.

Batirinta ba ya jimawa, allonta kuma ba ya karantuwa cikin rana, wannan kam ya ɓata min rai. Sharar nukiliya na damuna har yanzu, amma na daina zargin Faransa da ganganci don ta dogara da nukiliya wajen samun mafi yawan wutarta.